Shuka ciyawar ado da iri a tsakar gida: ta ina ake farawa?

Sabon Maigida:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai fili a tsakar gida, tsawo mita 12, faɗi mita 8, a nan cikin Kano. Ba a daɗe da gama gini ba, ƙasar ja ce kuma cike take da ɓaraguzan bulo. Rana na samun wurin sosai, sai kusurwa ɗaya da bishiyar darbejiya take. Akwai rijiyar burtsatse. Ina son koriyar ciyawa irin ta filin ƙwallo, kuma da iri nake son shukawa. Wane iri zan saya, kilo nawa, kuma yaushe ya kamata a shuka? Yanzu muna watan Afrilu.

Mai Lambu:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka ba da kuɗinka, juya ledar irin ka karanta bayanta. In ka ga an rubuta ryegrass ko fescue, ajiye musu kayansu. Ciyawar ƙasashen sanyi ce. Za ta fito da kyau cikin mako ɗaya, ta yi kore shar lokacin hunturu, zafin Maris da Afrilu na zuwa ta ƙone. Wadda ta dace da Kano ita ce Bermuda, wato ƙiri-ƙirin da ka sani tana yaɗo a bakin fadama, sai dai ta sayarwa an zaɓo mai laushin ganye. Tana jure zafi da tattaki, in ta sha fari ta bushe, da ta ga ruwa sai ta farfaɗo.

Filinka murabba'in mita 96 ne, ka ɗauke shi 100. Giram 10 a kowane murabba'in mita ya isa, wato kilo 1 ke nan. In irin mai rufi ne, wanda aka lulluɓe da wani abu mai launi, wajen rabin nauyinsa rufin ne, sai ka sayi kilo 2. Gwada shi tun kafin ranar shuka: ƙirga ƙwaya 100, sa su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 14, ko mako uku in irin da ba a cire wa ɓawo ba ne, in waɗanda suka tsira ba su kai 70 ba, irin ya kwana biyu a shago.

Aikin gaskiya a ƙasar yake. Tona da fartanya ko diga zurfin santimita 15 zuwa 20, ka tsince duk bulo, busasshen siminti, ƙusa da leda. Duk inda ka bar dunƙulen siminti a ƙasa, nan ciyawa za ta riƙa yin rawaya ta bushe da wuri, domin saiwa ba ta da hanyar sauka. Jar ƙasar da magina suka tattake ba ta riƙe ruwa ba ta kuma shan iska, don haka sai ka shimfiɗa ruɓaɓɓen takin shanu kaurin santimita 2, wajen baro 30 ke nan a filinka, ka cakuɗa shi da ƙasar. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki yana zuwa da irin ciyayi, yana kuma kiran gara. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone tsiron yake yi.

Daga nan ka baje da manjagara, ka ba wurin ɗan gangare daga jikin gini zuwa magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Sai matakin da mutane ke tsallakewa saboda gaggawa: ba wa filin ruwa mako biyu ba tare da ka shuka komai ba. Duk abin da ke kwance a ƙasar zai fito, harkiya, guɗe-guɗe, tsidau, aya-aya. Ka kankare su da fartanya sama-sama, ko ka fesa maganin kashe ciyawa gilaifoset yadda aka rubuta a jikin kwalbar ka jira mako ɗaya. In ka samu hali maimaita sau biyu. Aya-aya dai sai an bi ta da hannu an tono 'ya'yanta na ƙasa, yankan ganye ba ya kashe ta. Afrilu da Mayu su tafi a wannan aikin.

Shuka kuma farkon damina, cikin Yuni, bayan ruwa ya sauka sau biyu ko uku ƙasa ta yi sanyi. Kada ka kai Agusta, ruwan marka zai kwashe irin ya tara shi a bakin magudana. Disamba da Janairu ma ba lokacinta ba ne, sanyin dare na hana Bermuda tsira da sauri.

Ranar shuka, watsa takin zamani NPK 15-15-15 kilo 3 zuwa 4 ka shigar da shi ƙasa da manjagara. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba ya watsuwa daidai daga hannu, sai ka haɗa shi da busasshen yashi kashi huɗu. Raba gida biyu, rabi ka watsa kana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Ja bayan manjagara a hankali, kada rufin ya wuce rabin santimita. Wanda aka binne kamar gero ba ya fitowa. Sai ka danne: shimfiɗa falanki ka taka, ka matsar, ka taka, har ka gama filin, don irin ya manne da ƙasa.

Uwar Furanni:

Malam Mai Lambu ya gama magana kan ƙasa. Ni zan tsaya kan ruwa, domin a nan aka fi yin asara. Ƙwayar da ta jiƙa ta fara buɗewa, in ta bushe na yini ɗaya ta mutu, ba ta dawowa. Mako biyun farko saman ƙasa ya kasance da danshi kullum: yayyafi kaɗan da safe, da azahar, da la'asar, duk ranar da ba a yi ruwan sama ba. Yayyafi fa, ba kwarara ba. Kada ka saki bakin tiyo a kai, zai haƙa rami ya tura irin gefe guda. Sa masa kan da ke fesawa kamar ruwan sama, ko ka yi amfani da garwar ban ruwa mai ƙananan huji.

Tsakanin kwana 7 zuwa 14 za ka ga wani kore siriri kamar gashin jariri, sai ka durƙusa ka kalli filin ta gefe kafin ka gan shi. Irin da ba a cire wa ɓawo ba yana iya kai mako uku. Daga mako na uku rage zuwa sau ɗaya a yini amma ka ƙara yawa, daga baya sau biyu ko uku a mako. Haka saiwa ke bin ruwa ta yi ƙasa. Ciyawar da aka saba wa ɗan yayyafi kullum saiwarta a sama take tsayawa.

Ka kuma yi lissafin rani tun yanzu. Ciyawar da ta kafu tana son kamar jarka ɗaya mai lita 25 a kowane murabba'in mita duk mako, lokacin bazara ma fiye. Filinka jarka 100 ke nan a mako. In rijiyar tana ja baya a Afrilu, gara ka rage faɗin ciyawar ka sa tsakuwa a sauran.

Sai tururuwa. Suna iya kwashe irin cikin dare biyu, ka ga layinsu kowace da ƙwaya a baki. Nemo gidajensu ka yi maganinsu kafin ranar shuka. Kaji kuma a kulle su wata ɗaya.

Mai Kula da Filin Wasa:

Yallaɓai, a fili ƙarami irin wannan dashe ya fi iri sauƙin kai. Ka samo yaɗon ƙiri-ƙiri wurin masu sayar da furanni, ka dasa tazarar santimita 15 zuwa 20, cikin wata biyu zuwa uku ya rufe, tururuwa ba ruwansu da shi, ruwan sama ma ba ya kwashe shi. Amfanin iri shi ne araha a babban fili, kuma ba ya zuwa da 'ya'yan aya-aya a jikin ƙasarsa. Tunda ka zaɓi iri, ga abin da ya rage.

Yanka na farko sai ciyawar ta kai santimita 5 zuwa 6, kuma ka ja ganye ka ji saiwa ta riƙe. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka ɗaya. Wuƙar injin yankan ciyawa ta kasance da kaifi, ƙasa kuma a bushe, in ba haka ba tumɓukewa za ta yi. Yawan yanka, duk mako, shi ke sa Bermuda ta daina miƙewa ta yi yaɗo ta cike guraben.

Mako huɗu ko biyar bayan tsira ka ba ta takin yuriya kilo 1 kacal a duk filin, ganye a bushe, ka bi da ruwa nan take. In ka zuba da yawa ko ka bari ya kwana a kan ganye, washegari za ka ga tabo-tabo kamar an ɗiga tafasasshen ruwa. Maganin ciyawa na gonar masara irin su atirazin kada ya kusanci filin kafin shuka ko bayanta. Mai kashe ciyayi masu faɗin ganye, wato 2,4-D, sai bayan yanka uku ko huɗu. Kafin nan cira da hannu. Yara su haƙura da ƙwallo wata biyu.

Sabon Maigida:

Allah ya saka da alheri. To ƙarƙashin darbejiyar fa, in ƙara yawan iri a wurin?

Mai Lambu:

A'a Malam, asarar iri ce. Bermuda na son rana kai tsaye awa 6 zuwa 8. A inuwa za ta fito siririya, ta miƙe tana neman haske, ta ƙare cikin 'yan watanni, ga saiwar bishiyar na shanye ruwan. Tsaya da azahar ka ga inda inuwar ta tsaya, ja layi a nan, ka jera bulo a tsaye a bakin layin zurfin santimita 15 don yaɗon kada ya kutsa. Cikin da'irar ka zuba tsakuwa ka ajiye benci.