Malaman da suka shiga karatun laburare: yaya kuka ƙare da kwas ɗin fasahar intanet?

Malamar Adabi

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Na daɗe ina koyar da adabi a sakandare, sai bara na shiga karatun ilimin laburare ba tare da na ajiye aiki ba, don ina so a damƙa min ɗakin karatun makarantarmu, wanda yanzu kwalaye sun fi masu karatu yawa a cikinsa. Zangon farko lafiya lau muka rabu: tarihin laburare, tsarin Dewey, yadda ake karɓar tambayar mai neman littafi. Wannan zangon kuwa an haɗa ni da kwas ɗin fasahar intanet. HTML, CSS, XML, ga kuma aikin ƙarshen zango wai kowa ya gina wa laburare shafi. Da rana ina gaban allo, da dare ina gaban kwamfuta ina kallon alamomin da ban san kansu ba balle gindinsu. Waɗanda suka riga ni bin hanyar nan, don Allah ku faɗa min gaskiya: me ya taimake ku, me ya cinye muku lokaci a banza, kuma me kuka ci gaba da amfani da shi bayan jarrabawa?

Mai Alli

Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, abin da ya firgita ki kin riga kin iya shi. Duk malamin da ya taɓa rubuta tsarin darasi ya san babban take, ƙananan kanun magana, sakin layi da jerin abubuwa. HTML ba ta wuce haka ba: h1 babban take, h2 na ƙarƙashinsa, p sakin layi, ul jeri, alamar a kuma mahaɗin da zai kai mutum wani shafi. Tim Berners-Lee da ya kawo shawarar tsarin shafukan intanet a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, a 1989 ba kwalliya yake nema ba, so yake masu bincike su riƙa samun takardun juna, shi ya sa tushen ya zo da sauƙi haka. Kwalliyar daga baya ta zo, da CSS a 1996, kuma da gangan aka ware ta gefe.

Ni abin da ya buɗe min kai shi ne daina kallon bidiyo. Na buɗe Notepad, na rubuta sunayen littattafan da nake so 'yan ajina su karanta, na adana da .html a ƙarshen sunan fayil ɗin, na buɗe a burauza. Ko intanet ba a buƙata. Ki canza abu ɗaya, ki sabunta, ki ga me ya motsa. Sannan duk shafin laburaren da ya burge ki, danna Ctrl da U ki leƙa cikinsa. Za ki ga tarkace da yawa, amma za ki fara gane 'yan alamominki a tsakiyarsu.

Ɗan Katalog

Malam Mai Alli ya yi gaskiya, amma ni zan ja hankalinki wani wajen. Kada HTML ta cinye miki zangon. Yau WordPress zai haɗa miki shafi cikin yamma ɗaya. Abin da babu manhajar da za ta yi miki shi ne siffanta littafi daidai, kuma nan ne mu 'yan laburare muke da abin cewa.

A ajinmu mutane sun yi ta gudun XML, wato hanyar tsara bayanai da alamomi, har muka zo kan Dublin Core, sai kowa ya ga ashe katin katalog ne aka sake wa riga. An tsara shi a 1995 a garin Dublin na jihar Ohayo a Amurka, ba na Ailan ba, kuma gurabe 15 ne kacal: take, marubuci, maudu'i, mawallafi, kwanan wata, harshe, haƙƙin mallaka da sauransu. MARC, wato tsarin rikodin katalog da kwamfuta ke iya karantawa, ya fi shi tsufa da wuya. Henriette Avram ce ta jagoranci ƙirƙirarsa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, kuma har gobe da shi ake aiki: 100 marubuci, 245 take, 650 maudu'i, 020 lambar ISBN. Da farko lambobin nan haushi suke ba ni. Ranar da na janyo cikakken rikodin littafi daga katalog ɗin wata ƙasa ta hanyar Z39.50, wato ƙa'idar da katalog ke janyo rikodi daga wani katalog, ya faɗo cikin nawa kowane bayani a gurbinsa, ranar na gane dalilin da ya sa aka matsa wa kowa ya bi lamba ɗaya.

Wani ƙaramin abu da malaminmu ya nace a kai: kwanan wata a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2019-03-04. In kin rubuta 03/04/2019, Ba'amurke zai karanta Maris, Bature ɗan Ingila ya karanta Afrilu, kwamfuta kuma ta jera su yadda ta ga dama.

Mai Alli

Ban ƙi ta taka ba Malam, amma ranar da WordPress ɗin ya karkace, rubutu ya hau kan hoto, wa zai gyara? Wanda ya san alamomin HTML ɗin nan ne.

Tsohon Hedimasta

'Yata, ni na yi nawa karatun tun lokacin da ake yayin abin da suka kira Web 2.0, don haka bari in ba ki labarin abin da ya mutu da abin da ya rayu.

An ɗora mu a kan wani tsari mai suna 23 Things, wanda Helene Blowers ta ƙirƙiro a 2006 don ma'aikatan laburaren jama'a na Charlotte a Amurka, daga baya makarantu da dama suka ara. Kowane mako da sabon abu: buɗe bulog, ɗora hoto a Flickr, tara adireshin shafuka a Delicious, bin labarai ta RSS, wato tsarin da ke kawo maka sababbin rubuce-rubucen shafuka wuri ɗaya, gyara wiki. Na sha wahala, don ni da yatsa biyu nake buga rubutu har yau. Na tara shafukan ilimi masu yawa a Google Reader, manhajar karanta RSS, ina alfahari da su, sai a 2013 Google ya rufe shi. Delicious ma ya yi ta canza hannu har ya zama tarihi. Abin da ya cece ni shi ne an koya mana fitar da jerin a fayil ɗin OPML, na ɗauke shi na kai wata manhajar, komai ya dawo. RSS ɗin kansa bai mutu ba, don ba mallakin kamfani ɗaya ba ne.

Tun daga nan duk abin da aka kawo min, tambayata ta farko ita ce: in na gaji da shi, ko ya gaji da ni, ta ina zan fitar da kayana? In babu ƙofar fita, ba na zuba aikin ɗalibai a ciki, komai kyansa. Kuma duk adireshin da za ki ba yara a jerin karatu, ki adana kwafinsa a Wayback Machine, rumbun adana shafukan intanet. Shafuka suna ɓacewa ba sallama.

Uwar Ɗalibai

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya. Ni tawa matsalar babu littafin kwas ɗin da ya ambace ta, kuma ke Malamar Adabi sai kin ci karo da ita tunda littattafan Hausa za ki shigar.

Na buga jerin littattafanmu a Excel, na adana a matsayin CSV, na mayar da shi MARC da MarcEdit, na loda. Da na duba, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai alamar tambaya. Dalili kuwa, CSV na gama-gari a Excel yana adanawa da tsohon tsarin haruffa wanda bai san masu lanƙwasa ba. Sai an zaɓi wanda aka rubuta CSV UTF-8. Haka a shafin intanet, sai kin sa layin meta charset="utf-8" a sama, kuma ki sa lang="ha" don burauza ta san da Hausa take aiki. A MARC kuwa lambar harshenmu hau ce.

Bayan na gyara wannan sai ga ta biyu, wadda ta fi ta farko wayo. A Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ce da aka ɗora wa wata alama ba. Yaro ya zo da wayar da ba ta da haruffan, ya buga take da k, katalog ya ce babu littafin, alhali ga shi a kan kanta. Abin da na yi shi ne, a 245 na rubuta take da ƙa'idarsa, a 246 kuma, wato gurbin wani nau'in take, na sake rubuta shi babu lanƙwasa. Aiki biyu ne, amma yanzu ko ta wace hanya yaro ya nema zai samu. Kuma ki shirya: yawancin littattafanmu na Hausa da na nema ta Z39.50 ban same su ba, da hannu na yi musu rikodi daga farko.

Malamin Kimiyya

Tunda an zo kan katalog, ni Koha, manhajar tafiyar da laburare, na ɗauka a aikin ƙarshen zango. Kyauta ce, kuma asalinta ma daga ƙaramin laburare ne: kamfanin Katipo ya rubuta ta a 1999 don laburaren Horowhenua a Niyu Zilan, saboda tsohuwar manhajarsu ba za ta tsallake matsalar shekarar 2000 ba. Amfani da ita ba wuya. Girka ta ce aiki, don sai ka ɗora Linux, galibi Debian, ka yi ta buga umarni a baƙin allo. Nan ne na yi gumi.

Inda gardamar Mai Alli da Ɗan Katalog ta ƙare a wajena shi ne, a Koha duka biyun na buƙata. MARC don shigar da littafi, CSS kuma don akwai wani gurbi a saituna mai suna OPACUserCSS inda na ƙara girman rubutu na cire abubuwan da ke rikita yara a fuskar katalog. Amma in faɗi gaskiya, laburaren da bai wuce kanta uku ba, kuma babu mai kula da kwamfutar in kai ba ka nan, jeri mai tsafta a Excel ya fi masa alheri. In an girma a ƙaura, tunda gurabe suna nan a tsare.

Ƙaramar Malama

Ni ba fasaha zan yi magana a kai ba, yayyena. Abin da ya fi min wuya shi ne zama a baya. A makaranta ni ake tambaya, a lakca kuwa yarinyar da ba ta fi ɗalibaina da komai ba ta gama aikin tana danna waya, ni ko fayil ɗin ban gano inda ya shiga ba. Malaminmu kuma yana da wata kalma, duk mataki sai ya ce "wannan ai kowa ya sani", ya wuce. Duk sanda ya faɗe ta sai in ji bakina ya mutu, ba zan iya ɗaga hannu ba. Da na koma ajina na lissafi sai na riƙa lura da masu yin shiru a daidai irin wannan gaɓar. Yanzu in zan nuna wani abu a kwamfuta, sai na sa yaro ya riƙe linzamin, ni ina faɗa da baki, don in ina riƙe da shi gudu nake yi ban sani ba.

Shawarata, ki nemi wannan yarinyar ta ajinku, akwai ta a kowane aji. Tawa ta koya min tsara manyan fayil-fayil, ni kuma na gyara mata rubutun rahotonta. Ba wanda ya ci bashin wani.

Mai Duba Aiki

Abu biyu da nake ganin malamai na mantawa in sun fara jin daɗin gina shafi. Na ɗaya, akwai ɗalibin da ba da ido yake karatu ba, manhaja ce ke karanta masa. In hoto ba shi da bayanin alt, wato rubutun da ke faɗin abin da ke cikin hoton, ba abin da zai ji sai sunan fayil. In kuma kin yi take ta hanyar ƙara wa rubutu girma kawai ba ki sa h2 ba, ba zai iya tsallakawa daga sashe zuwa sashe ba. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafuka, sun nemi bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, don haka rawaya a kan fari, a'a.

Na biyu ya fi nauyi. Jerin abin da yaro ya ara sirrinsa ne. Wanda ya ɗauki littafi kan balaga ko kan rabuwar iyaye ba ya son kowa ya sani, har da ke malamarsa ta adabi. Koha tana da saitin da ke goge sunan mai aro bayan an dawo da littafi, a kunna shi. Hoton yara kuma kada ya hau shafi sai da yardar iyaye a rubuce. Mu malamai mun saba liƙa sakamako a bango kowa ya gani, aikin laburare ba haka yake ba, kuma ni wannan sauyin ya fi min HTML wuyar sabo.

Malamar Adabi

Allah ya saka da alheri, kun sauke min kaya. Na gwada ta Malam Mai Alli, jerin littattafan aji uku ya fito, har da haruffa masu lanƙwasa bayan na sa layin da Yaya Uwar Ɗalibai ta ce. Sai dai a kwamfuta ya yi kyau, a waya kuwa rubutun ƙanana ƙwarai sai an ja da yatsu, hoton bangon littafi ɗaya kuma ya ƙi buɗewa da wuri. Yarana kusan duk da waya za su duba. Ina matsalar take?

Mai Alli

Layin viewport ne babu, Malama. A cikin head, wato sashen saman fayil ɗin, ƙarƙashin na charset, sa meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1". In babu shi, waya tana ɗauka shafin na babban allo ne sai ta matse shi. Hoton kuma da alama kai tsaye daga kyamara kika ɗora shi. Rage faɗinsa zuwa kamar pixel 600 kafin ki ɗora, bangon littafi bai buƙatar fiye da haka, sannan a CSS ki ba img max-width: 100% don kada ya fita daga allo. Ki gwada a wayar da ta fi kowacce tsufa a ajin, ba taki ba.