Musayar waƙa: 'ya'yan Japanawa a kakin sojan Amurka

Malam Na-Zaure:

Da sunan Allah na buɗe fage,
Masu baiti ku matso ku zauna.
Zancen Nisei ne na ɗauko,
Iyaye Japanawa, su kuwa haihuwar Amurka.
Ran 7 ga Disamban 1941,
Japan ta yi wa Pearl Harbor ruwan wuta.
Ran 19 ga Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu,
Umarni mai lamba 9066 ya fita.
Mutum wajen 120,000 aka kwashe,
Biyu cikin uku 'yan ƙasa ne da takarda.
Sansani goma, an kewaye da waya mai ƙaya,
Manzanar da Topaz, rana da ƙura.
Samarinsu aka liƙa wa lambar 4-C,
Wai baƙi ne, jinin abokan gaba.
To yaya wanda aka ƙi jiya
Ya wayi gari da bindiga a kafaɗa?

Tsohon Saje:

Malam, tambayarka ta zo gida,
Amsarta na Hawaii, can tsibiri.
Can ba a iya kwashe su duka ba,
Wa zai sare rake, wa zai sauke jirgi?
Dakarun tsaron gida wajen 1,400
Aka ware a 1942, watan Yuni.
Bataliya ta 100 aka raɗa musu,
Horo a Wisconsin, daga nan Mississippi.
Fabrairun 1943 aka kafa runduna ta 442,
Ga kayan cikinta daki-daki:
Bataliya uku ta sojan ƙasa,
Bataliyar igwa ta 522, milimita 105 faɗin baki.
Kamfanin 232 injiniyoyi ne,
Su tone nakiya, su ɗora gada kan kogi.
An nemi 1,500 daga Hawaii,
Kusan 10,000 suka yi layi.

Hajiya Mai Alƙalami:

Yaya Saje, ka ƙirga layin Hawaii,
Ka tsallake na bayan waya.
A can 3,000 aka sa rai,
Wajen 1,200 ne suka amsa.
Takardar biyayya ce ta dagula lamarin,
Tambaya ta 27 da ta 28 su ne ƙaya.
Ɗaya: za ka yi yaƙi duk inda aka tura ka?
Ɗaya: ka yar da mubaya'ar Sarkin Japan gaba ɗaya?
Yaron da bai taɓa yi wa sarkin caffa ba,
In ya ce na yar, ya ɗauki laifin da ba nasa ba.
Tsohon da doka ta hana shi zama ɗan Amurka,
In ya ce e, ya tashi ba shi da ƙasa.
Masu a'a sau biyu aka tara su sansanin Tule Lake,
A sansanin Heart Mountain 63 suka ƙi kiran soja.
Suka ce a buɗe wa iyayenmu ƙofa tukuna,
Kotu ta ba su shekara uku-uku a gidan maza.
Ku kira su yadda kuka ga dama,
Ni dai ba na sa su sahun matsorata.

Ɗan Kurmi:

Hajiya, ko a barikin Shelby ba su jitu ba,
'Yan Hawaii da 'yan babban yanki kullum dambe.
Waɗancan Turancinsu na gonar rake ne,
Waɗannan nasu na makaranta, a goge.
Sai aka ɗebi 'yan Hawaii a mota,
Aka kai su sansanin Arkansas su gani a tsanake.
Suka ga dakaru a hasumiya, uwaye a rumfar katako,
Suka dawo bakinsu alekum, rigima ta ƙare.

Tsohon Saje:

Ku biyo ni dajin Vosges a Faransa,
Oktoban 1944, ruwa da sanyi.
'Yan 442 sun ƙwace garin Bruyères gida-gida,
Hutun kwana biyu bai cika ba aka ce su tashi.
Janar Dahlquist ya tura bataliyar 'yan Texas gaba,
Mutum 275, Jamusawa suka yi musu zobe a tsauni.
Abinci sai a cusa a kwanson igwa a harba,
Na jirgin sama wani ya faɗa hannun maƙiyi.
Harsashin igwa a nan ba ya isa ƙasa,
A kan itace yake fashewa, shi ne sharrin daji.
Ƙarfe da faskare su zubo daga sama,
Su tarar da mutum har cikin rami.
Mai kwanciya rub-da-ciki ya ba da bayansa duka,
Gara ya rungumi itace, hular kwano ta tare kai.
Rami kuwa sai an jera masa gungume,
A zuba ƙasa bisa, in ba haka ba kabari.
Ƙafar da ta kwana uku a jiƙaƙƙen takalmi,
Jini ya daina zuwa, ta kumbura ta yi baƙi.
Maganinta busasshiyar safa da murza yatsu,
Wa ke da sukunin haka ana ɓarin harsashi?
Tanka ba ta da hanya sai siririya,
Ita ma an shuka mata nakiya layi-layi.
Ran 29 'yan 442 suka sa banati a bindiga suka hau,
Ran 30 suka fito da 'yan Texas 211 da rai.
Kamfanin I ya shiga da mutum 185,
Takwas suka rage a tsaye, ku yi lissafi.

Hajiya Mai Alƙalami:

Lissafin nan ne ke min ciwo, Yaya,
Jarumta ce, amma har da ɓarna.
Janar ya samu masu son wanke suna,
Ya tura su inda wasu suka gwada suka kasa.
A Nuwamba ya sa a jera su fareti,
Ya tambayi sauran, aka ce su ke nan da suka saura.
Afrilun 1945 sun koma Italiya,
Suka hau dutsen Folgorito cikin duhu, ba a ko tari da ƙara.
Sadao Munemori ya kwanta kan gurneti,
Uwarsa na Manzanar lokacin da saƙo ya isa.
Shi kaɗai ya sami babbar lambar girma a zamanin,
Sauran 20 sai a 2000 Clinton ya gyara.
Har da Daniel Inouye da ya bar hannun dama a can,
Ya dawo ya daɗe sanata.

Ɗan Kurmi:

Kun bar waɗanda suka fuskanci Japan kanta,
Tafintocin leƙen asiri, wajen 6,000 aka yaye.
Ɗalibi 60 suka fara a San Francisco,
Makaranta ta koma Minnesota har yaƙi ya ƙare.
Japanancin gida bai ishe su ba,
Sai kalmomin soja da rubutun hannu a murɗe.
Sojan Japan na rubuta abin da ya wuni yi,
Littafin na aljihun gawa, su ɗauko su bincike.
Sunan runduna, yawan mutane, wa ke zazzaɓi,
Duk a kai wa kwamanda a fassare.
Fursuna ba a fara shi da tsawa,
Ruwa da sigari da ɗaurin rauni, sai ya sake.
An hana shi miƙa wuya tun a gida,
Don haka ba a koya masa abin da zai ɓoye.
Mutum 14 suka bi Janar Merrill dajin Boma,
Ƙasar da sojanmu na runduna ta 81 da 82 suka sha daɗe.
Fuskarsu irin ta maƙiyi ce,
Sai a haɗa su da Bature mai gadi a gefe,
Kada ɗan'uwansu soja ya hango daga nesa
Ya ɗana kunama kafin a yi gaishe-gaishe.