Sojan saman Amurka da ya ɓace a hamadar Libiya, gaskiya ne?

Sadiq Kawo:
Assalamu alaikum. Jiya a wajen mai shayi wani tsohon sojan sama da ke zaune a Mando yake ba mu labarin jirgin yaƙin Amurka da aka tsinta a hamadar Libiya shekara 15 bayan ɓacewarsa, wai har rediyonsa na aiki. Ya ce mutum ɗaya cikinsu har yau ba a ga gawarsa ba. Gaskiya ne, ko dai hirar teburin mai shayi ce?

Malam Tanko, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tsohon nan bai yi maka ƙarya ba. Jirgin B-24 ne mai ruwan bama-bamai, laƙabinsa Lady Be Good. Ran 4 ga Afrilu 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya tashi daga Soluch, kusa da Bingazi, da mutum 9, za su kai hari Napoli a Italiya. Fitarsu yaƙi ta farko ke nan, sababbin hannu ne. Da dare wajen dawowa suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka yi ta nausawa kudu kimanin kilomita 700, har mai ya ƙare suka diro da laima. Ɗaya laimarsa ba ta buɗe sosai ba, nan take ya mutu.

Sauran takwas suka doshi arewa, a zatonsu gaɓar teku na kusa, guzurinsu rabin gorar ruwa. Abin da ke ci min rai shi ne, jirgin yana kudu da su, tafiyar kamar kilomita 26, da ruwa da abinci a ciki. Sai da suka taka kusan kilomita 130 kafin biyar suka kasa. Uku suka ce bari su nemo taimako: Guy Shelley, Harold Ripslinger da Vernon Moore. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu, ko na nan Kaduna, ya san wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Turawan Ingila masu neman man fetur suka hango jirgin a 1958, aka tsinci gawarwaki takwas a 1960. Wanda tsohon yake nufi shi ne Saje Moore, mai harba bindigar jirgin.

Hajiya Binta, Unguwar Rimi:
Allah sarki, ɗan mutane. Malam, su dai an san sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ƙanen kakana ya tafi yaƙin ƙasar Bama (Burma) da runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, bai dawo ba, ko hotonsa babu a gidanmu. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, in na ga ana ajiye furanni sai ya faɗo min a rai.

Malam Tanko, Tudun Wada:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Idan kun san cikakken sunan da ya shiga soja da shi, ki sa yara su duba shafin hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, akwai sunayen sojojinmu da yawa a ciki. A gwada rubutun sunan iri-iri, don Turawan lokacin yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, wani ma sunan garinsu aka liƙa masa.

Sadiq Kawo:
Na gode, Baba. Hajiya, turo min sunan ta akwatin saƙo, zan duba miki yau da dare in an kawo wuta.