Kwamfuresar cika bindigar iska: wacce kuka saya, yaya ta kasance muku?

Baban Sadik

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina cika bindigata ta PCP, wato irin da ake cusa wa matsattsiyar iska a silinda kafin a yi harbi, da famfon hannu. Silindarta cc 280 ce, tana ɗaukar matsin iska har bar 230, kuma in ta sauka zuwa 120 sai na danna famfo fiye da sau ɗari kafin ta cika. Da can ban damu ba, amma yanzu kafaɗata ta fara ƙorafi. Abin da ya fi ci min rai shi ne, in na gama famfo ƙirjina na dukan uku-uku, hannu na rawa, harbi goma na farko duk a banza suke tafiya.

Kwanan baya na sayi tankin ajiyar iska na zaren kabon, na hannu, lita 6.8, mai bar 300, sai dai wurin da zan kai a cika min yana da nisa ƙwarai. Shi ya sa nake son kwamfuresa tawa. Na ga iri uku: ƙanana masu aiki da batirin mota, masu matsakaicin girma da ake sanyaya su da ruwan bokiti, sai manya irin na masu nutso a teku. A jikin kwalin kowacce an rubuta bar 300, to ina bambancin yake? Don Allah wanda ya yi amfani da ɗaya da hannunsa ya faɗa min yadda suka ƙare.

Maharbin Takarda

Wa alaikumus salam Baban Sadik. Ni ƙaramar gare ni, mai fanka, ba ruwanta da baƙin mai ko bokiti. Ta shiga shekara ta uku. Bindiga kawai nake cikawa da ita kai tsaye: silindar cc 300 daga 120 zuwa 230, wajen minti huɗu. In na fita fili ina maƙala ta a batirin mota, amma sai injin yana kunne, don tana jan wuta sosai, kusan amfiya 30. Abin da na fi so a jikinta shi ne tana kashe kanta in ta kai matsin da na saita. Duk wadda za ka saya, ka tabbata tana da wannan. Tanki kam ban taɓa haɗa ta da shi ba.

Ɗan Auta

Gara da ba ka haɗa ba, Yaya. Ni na haɗa, na ga abin da ya biyo baya.

Tankina irin na Baban Sadik ne sak, kuma babu komai a cikinsa ranar. Na jona ƙaramar na zauna ina kallon geji. Minti ashirin allura ba ta ko kai bar 30 ba. Na ce bari in bar ta ta yi ta yi. Ina kashe ta in ba ta hutu kaɗan, in sake kunnawa, amma hutun bai kai yadda takardarta ta ce ba, don na ƙosa. Can wajen bar 170 sai sautinta ya canja, ta koma wani irin sassauƙan kaɗawa kamar ba ta ɗauke da kaya, allura ta tsaya cak, ga warin roba mai ƙuna. Da na kwance kanta washegari, zoben da ke bakin ƙaramin fistin ya narke ya manne a gefe, baƙi ƙirin, sai da na kankare shi da tsinke. Takardar ta faɗa ƙarara cewa ba a yi ta don manyan tankuna ba. Wata guda na yi ina jiran zoben.

Injiniya

Sannu Ɗan Auta. Baban Sadik, amsar tambayarka tana cikin lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Bar 300 da ke jikin kwali yana faɗa maka iyakar matsin da na'urar za ta iya kaiwa ne kawai. Bai faɗa maka yawan iskar da take turawa a minti ba, alhali wannan shi ne ainihin abin da kake saye.

Ka ninka girman tanki da matsin da kake son ƙarawa. Silindar bindigarka lita 0.28 ce, ƙarin bar 110, ka ga iska lita 31 ke nan. Tanki kuwa lita 6.8 sau 300, wajen lita 2,000. Ko daga 200 za ka mayar da shi 300, kana bukatar fiye da lita 600. Daga lokacin da Maharbin Takarda ya bayar za ka gane tasa tana tura abin da bai wuce lita 10 a minti ba. Ke nan cika tanki daga babu aikin fiye da awa uku ne gare ta ba tsayawa, ita kuwa fanka kaɗai ke sanyaya ta. Zafin matse iska shi ke kashe waɗannan na'urori. Don haka kafin ka dubi suna ko launi, ka yanke hukunci tukuna: bindiga za ka riƙa cikawa ko tanki?

Wani abu kuma, tunda na san za a tambaya: kwamfuresar masu faci ko ta fenti ba ta cikin wannan magana, bar 8 zuwa 10 take tsayawa.

Kanikawa

Ni mai bokiti nake amfani da ita, kuma da ita nake cika tanki. Tana da sauri, daga 200 zuwa 300 ba ta kai min minti ashirin. Amma ba na'urar da za ka kunna ka tafi ba ce, sai ka tsaya a kanta kamar mai jinya.

Ga yadda nake yi. Na fara kunna famfon ruwa in ga ruwan yana dawowa cikin bokiti da idona, sannan in tada injin, bawul ɗin huce iska a buɗe, sai ta ɗauki gudu in rufe. Idona na kan ma'aunin zafi. In ya doshi digiri 60 ina tsayawa, ko in jefa ƙanƙara a bokitin. Duk minti biyar ina ɗan buɗe bawul ɗin ƙasa, sai ka ga ta feso wani abu fari-fari kamar madara, ruwa ne gauraye da mai. In zan kashe, sai na huce matsin tukuna. Sau ɗaya tiyon ruwa ya zame daga bokiti ban lura ba, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci kan injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Allah ya sa ina kusa. Tun ranar na ɗaure tiyon da waya.

Man da ta zo da shi na juye bayan awa ta farko, ya fito da burbushin ƙarfe yana ƙyalli. Yanzu man kwamfuresa mai jure babban matsi nake zuba mata, ba na mota ba. Tana da ƙara, kuma tana cin wuta kusan kilowat biyu, in wayar gidanka siririya ce za ta yi zafi.

Tsohon Maharbi

'Ya'yana, duk kun yi maganar sauri da zafi, amma wannan farin ruwan da Kanikawa ya ambata shi ne ya fi damuna, don shi ya taɓa cin min bindiga.

Na yi shekara ɗaya da rabi ina cikawa da matatar da ta zo da na'urar, wato ɗan bututun nan mai auduga a ciki. Auduga tana kama ɗigon ruwa da mai, amma tururi wucewa yake yi abinsa. Sannu a hankali bindigar ta fara zubar da iska, harbi ya daina daidaita, wani ya hau wani ya sauka. Da muka huce ta muka kwance silindar, na haska tocila ciki, sai ga tsatsa ja ta kwanta a ƙasa tsawon yatsa, daidai gefen da bindigar ke kwanciya a akwati. Na sa tsumma ya fito jiƙe. Bawul ɗin ma duk ya ci. Na zauna shiru na daɗe, domin wannan ƙarfen da tsatsa ke ci daga ciki, shi nake kangawa a kumatuna da bar 200 a cikinsa. Silindar ban sake amfani da ita ba.

Tun daga nan na ƙara babbar matata mai ƙwayoyin tsotse danshi, waɗanda ake kira 13X. A tsaye nake kafa ta, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. In na gama aiki ina toshe bakinta biyu, don in ka bar ta a buɗe ƙwayoyin za su sha danshin ɗaki su ƙoshi tun ba ka yi amfani da su ba. Kai Baban Sadik, kuɗin matata ka sa shi cikin kuɗin kwamfuresa tun farko. In bai isa duka biyun ba, ka ci gaba da famfonka har ya isa.

Injiniya

Gaskiya Baba ya faɗa. A zafin digiri 30, iska lita 1,000 tana iya riƙe ruwa kusan giram 30. In danshi ya kai kashi 70 cikin ɗari, lita 2,000 ɗin nan da za ka cusa a tanki tana ɗauke da wajen giram 40, kusan cokali uku manya. Mafi yawansa yana fita ta bawul in kana hucewa a kai a kai, sauran kuma aikin matata ne.

Maharbin Takarda

Amma Baba a yi hattara da girman matatar in na'urar ƙarama ce. Na taɓa sa babba, sai ya zama kowane cikawa sai ta fara cika matatar kafin iska ta shiga bindiga, minti huɗuna ya koma goma sha. Na koma 'yar madaidaiciya, ina canja ƙwayoyin da wuri.

Mai Nutso

Ni ta wajen nutso na shigo harkar nan, don haka babba nake da ita tun asali. Irin su Bauer Junior II na Jamus da Coltri MCH6 na Italiya suna tura kimanin lita 100 a minti, kuma an yi su ne don iskar da mutum zai shaƙa, saboda haka busasshiya take fitowa. Tankin 6.8 daga 200 zuwa 300, minti bakwai ko ƙasa. Suna da nauyi, suna da tsada sosai, kuma suna son canjin mai da matata bisa awannin aiki. Ga mutum ɗaya mai bindiga ɗaya, a ganina ta yi yawa. In ku huɗu ne ko biyar kuna harbi tare, ku haɗa hannu ku saya, za ta daɗe tana yi muku aiki.

Amma Baban Sadik, ni tankinka na hannu ne ya tsaya min a rai. Ka duba takardar da ke manne a jikinsa ƙarƙashin gam: watan da shekarar da aka ƙera shi, da ranar gwajin matsi na ƙarshe. A ƙa'idar Amurka, yawancin tankunan kabon ana gwada su duk shekara 5, kuma wa'adinsu shekara 15 ne. Ka shafa jikinsa ka ji ko akwai inda zaren ya yanke ko ya tashi. Sannan ka dubi bakin bawul: bakin da ake murɗawa mai suna DIN, na bar 300 zagayen murɗi bakwai gare shi, na 200 kuma biyar, kada ka sayi mahaɗin da bai dace ba. In ka cika shi zuwa 300 da yamma ka tarar da 280 da safe, ba yoyo ba ne, iskar ce ta huce.

Kanikawa

Tunda an zo kan tsaro: kada man fetur ko giris na mota ya kusanci bakin cikawa ko zoben roba na ɓangaren matsi. Mai in ya haɗu da iska mai matsi haka yana iya kamawa da wuta da kansa, kamar yadda injin dizal ke yi. Giris ɗin silikon kaɗai. Iskar oksijin kuwa ko da wasa kada ta shiga bindiga. Kuma ɗan faifan kariyar nan da ke fashewa in matsi ya wuce kima, in ya fashe ka sa irinsa, kada ka toshe gurbin.

Ɗan Auta

Ƙari ɗaya daga abin da ya same ni: kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa ko yana da zoben fistin, zoben roba da faifan kariya a ajiye. In ya fara kame-kame, ka nemi wani.

Baban Sadik

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Mai Nutso, na je na duba tankin kamar yadda ka ce. Shekararsa 12 da ƙerawa, kuma ban ga alamar gwaji ko ɗaya ba bayan na farko. Jikina ya yi sanyi. Na ajiye shi gefe, ba zan sa masa iska ba sai an gwada shi.

Da na zauna na yi lissafin Injiniya, sai na ga ni bindiga ɗaya nake cikawa, sau biyu ko uku a fita. Ƙaramar mai kashe kanta zan saya, da madaidaiciyar matata, da kayan gyaranta tun ranar farko. Famfon hannun zai zauna a but ɗin mota saboda ko-ta-kwana. Baba, tambaya ɗaya ta rage: ta yaya kake gane ƙwayoyin sun ƙoshi har sun isa canji?

Tsohon Maharbi

Su 13X ba sa canja launi, ɗana. Ina zuba 'yan ƙwayoyin silika masu launin lemo a can saman matatar, wajen da iska ke fita. Ranar da na buɗe na ga sun fara juyawa, to danshi ya riga ya ratso na ƙasa, sai in juye duka in zuba sabo. Ina kuma rubuta minti nawa na'urar ta yi a ɗan littafi da ke cikin akwatinta, don kada in jira sai launi ya faɗa min. Audugar kuwa ka riƙa zaro ta bayan kowane aiki ka matsa tsakanin yatsunka, in ka ji laima ka sa wata.