Neman shawara: zan kai Inna da maiɗakina ziyara Misra, ina tsoron ɓarayi da 'yan damfara

Baban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa zuwa Misra. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Gagarawa, bana Allah ya sa wa riɗi albarka, to Inna ta daɗe tana cewa kafin ta mutu tana so ta ga masallacin Sayyidina Husaini da na Sayyida Zainab da kabarin Imamu Shafi'i, ni kuma ina so na ga dalar nan ta Giza da gidan tarihin da aka ajiye gawarwakin fir'aunoni. Mu uku za mu tafi, ni da Inna da maiɗakina, kuma ba wanda ya taɓa hawa jirgi a cikinmu. Wani ejan a Kano ne ya yi mana biza da tikiti, ya ce akwai yaronsa a can da zai tarbe mu ya riƙe mana fasfo da kuɗi don kar su ɓata. Abin da ya tayar min da hankali wani mutumin kasuwar Maigatari ya ce shi a can aka fizge masa waya kuma mai tasi ya caje shi kuɗin da ya ninka. Ya zan yi da kuɗi, ya zan kare matan nan? Sannan maƙwabcinmu ya ce zai ba ni ƙullin saƙo na kai wa ɗansa da ke karatu a can, kilishi da yaji da wasu magunguna wai. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Azhar: Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Alƙahira nake karatu, kuma tun kafin maganar ɓarayi bari na fara da abin da ya fi ba ni tsoro a rubutunka, wannan ƙullin saƙon. Kar ka karɓi komai a ƙulle. In dole sai ka taimaka masa, to ya zo da kayan ya buɗe a gabanka ɗaya bayan ɗaya, kilishi ka warware takardar ka gani, yaji ka juye shi a sabuwar leda da hannunka, magani kuwa ka ba shi haƙuri kawai ko da ya ce na ciwon kai ne. Misra ba sa wasa da tramadol ko kaɗan, a 2017 wata Baturiyar Ingila ta shigo da ƙwaya kusan 300 ta ce ta kawo wa saurayinta ne mai ciwon baya, shekara 3 kotu ta yanke mata. Ka ga wannan Baturiya ce da jaridun ƙasarta suka yi ta surutu a kanta, ina ga ni da kai. Ko maganin Inna na hawan jini ko na ciwon ƙafa, ka bar shi cikin kwalinsa na asali ka haɗa da takardar likita.

Maman Hanan: Wlh Ɗan Azhar ka riga ni. Baban Sadiya kai ma ɗan Jigawa ne ai ba ka manta da yarinyar nan ɗaliba 'yar jiharmu da aka kama a Madina ƙarshen 2018 ba, ta je Umara da mahaifiyarta, aka ce an samu ƙwaya a jakar da ke ɗauke da sunanta alhali ba jakarta ba ce, a filin jirgi aka liƙa mata. Sai ƙarshen watan Afrilu 2019 aka sako ta bayan gwamnati ta shiga maganar. To tun daga Kano tsaron yake farawa. Ka tsaya da ƙafarka a wajen awon kaya, ka ƙirga jakunkunanku, 'yar takardar da za su liƙa maka a bayan tikiti ka tabbatar adadinta ya yi daidai da jakunkunan, ka ɗauki hoton kowace jaka a kan sikeli. Duk wanda ya zo ya ce kilo ɗinsa ya yi yawa ka taimaka a saka masa a sunanka, ko da rawani ne a kansa ko tsohuwa ce tana kuka, ka ce a'a. Kuma ka ja wa Inna kunne sosai, don tsofaffinmu akwai tausayi da jin nauyin mutane, ita za a fi zagayowa ta wajenta.

Alhaji Na Sara: Ni dai a ganina kuna tsorata bawan Allah. Na je ƙasar nan ba sau ɗaya ba wajen sarin kaya, ban taɓa ganin an tare mutum da wuƙa ba. Mu da muke fama da 'yan ƙwacen waya a Kano mutum ba ya iya amsa kira cikin adaidaita bayan magariba, me Alƙahira za ta nuna mana? Garin ba ya barci, ƙarfe ɗayan dare za ka ga mata da yara a titi suna shan shayi. Ka yi addu'arka ka tafi ƙanina.

Ɗan Azhar: Alhaji gaskiya ka faɗa, fashi da makami ba shi ne matsalar baƙo a nan ba, Allah ya ƙara girma. Amma kai ka san gari kuma kana jin Larabcinsu, shi ko Yaya da mata biyu zai zo. Abin da ke cin baƙo a nan baki ne, mutum zai zo da fara'a yana ahlan wa sahlan ɗan Najeriya ɗan'uwana, kafin ka farga ka biya kuɗin abin da ba ka nema ba.

Misali a wajen dala. Mai raƙumi zai ce hawa kyauta ne ko ya faɗi ɗan kuɗi kaɗan, sai ka hau raƙumin ya miƙe ya yi nisa da kai cikin rairayi sannan ya ce kuɗin sauka daban. Wani zai ɗora maka rawani a ka ko ya danƙa wa Inna ɗan mutum-mutumi ya ce kyauta, da ta riƙe shikenan ya zama ciniki. Wani zai tare ku tun a hanya da wani kati a wuya ya ce ƙofa a rufe take ku biyo ta nan, ƙarshenta wajen masu doki zai kai ku ko shagon turare. Tikiti a tagar hukuma kawai ake saya, kuma wurare da yawa yanzu da katin banki ake biya, don haka ka je bankinka tun yanzu ka tambaya ko katinka zai yi aiki a waje. In kana son raƙumin ku yi ciniki tun kana ƙasa, ka ce hawa da sauka da dawowa nan, kuma da fam ɗin Misra ba dalar Amurka ba, kar ka biya sai ƙafarka ta taka ƙasa. Sauran duk la shukran, wato a'a na gode, kawai za ka ce kana tafiya, kar ka tsaya bayani, tsayawar ce suke nema.

Maganar tasi kuma da sauƙi. Ka sayi layi tun a filin jirgi da fasfonka, ka saka manhajar kiran tasi ta Uber ko Careem, kuɗin na fitowa a waya kafin ka shiga. Lambar motocinsu da lambobin Larabci ake rubutawa, in ka yi Islamiyya za ka karanta, ka duba ta yi daidai da ta wayarka kafin ku shiga. In direba ya kira ya ce ka soke a waya ku yi ciniki a baki, ka ƙi ka nemi wani. Farar tasi in ka shiga ka ce ya kunna mita, in ya ce ta lalace ka sauka tun bai tashi ba.

Baban Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saƙon nan dama raina bai kwanta da shi ba. To maganar yaron ejan fa da zai riƙe mana fasfo?

Malam Mai Allo: A'a a'a. Ɗana kar ka yarda. Fasfo ba a ba wa kowa ajiya, in ban da jami'in da ya tambaya a bakin aikinsa ko otal su duba su yi kwafi su miƙo maka. Ba na cewa yaron mugu ne, ban san shi ba, wataƙila mutumin kirki ne. Amma duk wanda ya riƙe fasfonka da kuɗinka a ƙasar da ba ka jin yarenta to sai yadda ya yi da kai, in ya ce kuɗin ɗaki ya ƙaru ba ka da bakin musu. Kuma abin takaici da yawan waɗanda ake cuta a waje ɗan'uwansu mai jin Hausa ne yake cutarsu, saboda da ka ji yarenka a baƙon wuri sai jikinka ya saki. Ka sa ejan ya rubuta maka sunan masaukin da kuɗinsa da kuɗin aikin yaron tun kuna Kano, ka tura wa wani naka a gida, shi ma yaron a turo maka hotonsa da lambarsa. Ka biya shi ladan rakiya, wannan haƙƙinsa ne, amma aljihunka naka ne.

Alhaji Na Sara: Wannan kam na yarda da Malam. Kuɗi kuma ka raba uku, kaɗan a aljihun gaba na kashewar yini, wasu a lalita a ƙarƙashin riga, wasu wajen maiɗakinka. Aljihun gefe na kaftani shi ne abincin 'yan sane, musamman a kasuwar Khan Khalili da bakin masallacin Husaini inda ake cunkoso. Ka yi canjin dala a Wapa kafin ka tashi, in ka isa ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi ka karɓi rasit. Kar ka bi masu raɗa maka canji a titi, laifi ne a dokarsu, ga jabun kuɗi. In abin da ka ɗauka ya haura dala 10,000 sai ka bayyana a filin jirgi. Ka riƙa tara ƙananan kuɗi don bakshishi, wato ɗan hasafi, mai gadin takalma a masallaci da mai banɗaki duk za su miƙo hannu, in ka zaro babbar takarda ba canji za ka gani ba.

Maman Hanan: Bari na yi maganar mata tunda maza sun tsallake ta. Ni na yi jinyar yayata a can. Cin zarafin mata a titi akwai shi, har doka suka yi a kai a 2014 suka ƙara tsananta ta a 2021, kuma hijabi ba ya hana wani mara kunya magana ko gogar mutum a cunkoso. Jirgin ƙasansu na metro akwai taragon mata zalla a tsakiya, amma tunda su Inna ba su san tasha ba gara ku shiga tare ka sa su a gabanka, ko ku haƙura da shi lokacin tashi daga aiki. Maiɗakinka ta rataya jaka ta cikin hijabi ba a kafaɗa ta gefen titi ba, masu babur ne ke fizga. Sarƙa da awarwaron gwal a bar su a gida. A masallatan ziyara ƙofar mata daban ta maza daban, nan ne ake rabuwa a ruɗe, to ku yi alƙawarin inda za ku haɗu kafin ku shiga, kuma ka karɓi katin otal ka sa wa kowacce a jikinta, ta Inna ka rubuta lambarka a baya ka maƙala mata da fil. Wani abu kuma da zan faɗa don kar ya zo muku bazata, wasu yara da samari za su iya kiran ku samara ko shokolata saboda baƙar fata. Yana da ciwo wlh, ni sai da na yi hawaye, amma kar ka biye musu ka yi faɗa. Mutanen kirki sun fi yawa, wata tsohuwa da ba ta san ni ba har asibiti ta riƙa kawo mana abinci.

Abban Walid: Tambaya, fasfon zai riƙa yawo da shi ne ko ya bari a ɗaki? Ni an ce min kwafi ya isa.

Ɗan Azhar: A nan ɗalibai ma ra'ayi ya bambanta. 'Yan sanda suna tare baƙaƙen fata su tambayi takardu, abin ya ƙaru tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 mutane suka kwararo. Ni shawarata tunda zamanku gajere ne ka riƙe na asalin a lalita a jikinka, kwafin shafin hoto da na biza da hatimin shiga ka bar ɗaya a ɗaki, ka ɗauki hotonsu a waya ka tura wa wani a gida ta WhatsApp. In Allah ya kiyaye ya ɓata, ka fara zuwa ofishin 'yan sanda su rubuta maka mahdar, wato rahoto, da shi za ka je ofishin jakadancin Najeriya da ke Alƙahira a yi maka takardar komawa gida. Ka rubuta lambobin nan a takarda ba a waya kawai ba: 122 'yan sanda, 126 'yan sandan masu yawon buɗe ido, 123 motar asibiti. Na 126 ɗin suna nan a wajen dala da gidajen tarihi, sau da yawa da ka ce za ka kira su mai raƙumi zai sauko da farashi. Kar ka ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko shingen bincike ko ginin gwamnati, kuma kar ka shiga hirar siyasarsu ko da direba ne ya jawo ta. Gawarwakin fir'aunonin da kake son gani tun 2021 aka mayar da su gidan tarihin da ke unguwar Fustat, kar wani ya kai ka tsohon na dandalin Tahrir ya ce suna ciki. Kuma kar ku manta katin rigakafin cutar shawara, ana tambayarsa.

Baban Sadiya: Alhamdu lillah, duk na rubuta a littafi. Na je na samu maƙwabcin namu da daddare, na ce kilishi da yaji zan kai in an buɗe a gabana, magani ba zan iya ba, ya ɗan ɓata rai amma ya ce ba komai. Ejan kuma gobe zan shiga Kano mu yi magana a rubuce. Saura abu ɗaya, Inna ba ta da saurin tafiya, gwiwa na damunta, wuraren nan za ta iya?

Maman Hanan: Za ta iya in kun bi a hankali. Ka ce ejan ya saka mata buƙatar keken guragu a tikiti, za a tura ta tun daga Kano har ku fita a can. Masallacin Husaini da na Azhar suna kallon juna, yini guda ya ishe su, Imamu Shafi'i ku ware masa wata safiyar daban da mota har ƙofa. Abin da zan roƙe ka shi ne tsallaka titi, motocinsu ba sa tsayawa kuma da dare wasu ba sa kunna fitila, ka riƙe hannunta ku jira 'yan gari su taru ku bi ta gefensu, in titin babba ne gara ka sa direba ya zagayo ya sauke ku a ɗaya hannun ko da za ka ƙara masa wani abu. Ka gaida Inna, ta saka mu a addu'a in ta isa wajen Sayyida Zainab.