Bardot da fim ɗin atishawa: musayar baitoci

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Daren jiya na kalli Une Parisienne, fim ɗin Faransa na 1957 wanda Michel Boisrond ya ba da umarni. Mai amsawa ya amsa da baiti, ban da dogon turanci.

Salamu alaikum ma'abota baiti,
Na zo da zancen wata Bafaranshiya.
Brigitte Bardot, haifaffiyar Paris,
Gashinta na sheƙi kamar zinariya.
Ubanta a fim shi ne firaminista,
Ta tashi cikin gata, sangartacciya.
Ta ga Michel, na hannun daman uban,
Ta ce shi take so duk faɗin duniya.
Shi ko yana zillewa, ya san kansa,
Ga mata birjik, bai iya riƙe ɗaya.
Ta ɗana tarko har uban ya riske su
A ɗaki guda, sai aure don gudun kunya.
Na ƙyaƙyata har maƙwabta suka ji ni,
Wa ya taɓa gani? Ya zo mu yi dariya.

'Yar Katsina:
Yaya, na kalla, kuma ban yi gyangyaɗi ba,
Amma yabon nan naka ban ɗauka ba.
Kyau kam akwai, ko kishiya ta shaida,
Sai dai kyau bai taɓa zama labari ba.
Kyamara na bin ta kamar ƙuda da zuma,
Ko waige ba ta yi ta ga saura ba.
Ta sa wannan riga, ta canza waccan,
An nuna ado, ba a nuna hankali ba.
Ke kika ɗana wa namiji tarkon aure,
Sannan ki zo kina kukan bai natsu ba?
Mai sayen rariya ya san ta da yoyo,
Michel bai taɓa ɓoye mata halinsa ba.

Baba Tsohon Malami:
To, ku matsa tsoho ya zauna. Ni a Yamai na gan shi muna samari, a sinimar da ba ta da rufi, sauro na cizo muna tafi. Ku duk yarinyar kuke kallo, kun manta da wanda ya riƙe fim ɗin.

Ɗiyata, kin faɗi rabi, rabi ya rage,
Ai daɗin fim ɗin yana wajen ramuwa.
Kishi ya ci ta, ta rantse wa mijin
Za ta so duk namijin da ya fara shigowa.
Sai ga Yarima, mijin Sarauniya Greta,
Baƙon gwamnati, ana ta girmamawa.
Charles Boyer ne, tsohon hannu a Hollywood,
Murya ƙasa-ƙasa, ba ya ko ɗagawa.
Shi haihuwar 1899, ita 1934,
Uba da ɗiya ke nan wajen ƙirgawa.
Ya sa ta a jirgin sama mai gudun tsiya,
Sai Nice, bakin teku, don shaƙatawa.
Suka faɗa ruwa, suka sha iska,
Abin da suka samo mura ce da atishawa.
Tsohon ya riƙe girmansa, bai zubar ba,
Ya maido ta ga mijinta ba ɓatawa.
Sirrin da baki ya rufe, hanci ya fasa,
Shi ya yi atsha, ita tana amsawa.
Ranar mun yi ihu har benci ya karkace,
Mai gyaɗa ma ta bar tiren tana darawa.

Af, na manta. Henri Vidal da ya fito a matsayin Michel bai daɗe ba bayan fim ɗin. A 1959 ya mutu yana da shekara 40, ya bar matarsa Michèle Morgan, ita ma babbar 'yar fim ce.

Mai Ragon Layya:
Baba, a gafarce ni, zan zuba wa hirar ruwan sanyi.

Baba, gafara dai, ina da magana,
Ni ban iya yabon matar nan haka.
Ta bar fim a 1973, ta zauna Saint-Tropez,
Ta rungumi karnuka da jakuna duka.
A 1986 ta kafa gidauniyar dabbobi,
Wannan alheri ne, ba ni da shakka.
Amma da ta juyo kan ragon layyarmu,
Ta yi wa Musulmi tas a kan yanka.
Kotun ƙasarta ta kama ta da laifin
Hura wutar ƙiyayya, ta ci ta tara kan haka.
Ba sau ɗaya ba, har a 2008
Yuro 15,000 aka ɗora mata ta ɗauka.
Mai tausayin jaki da ɗan tunkiya,
Ba ta ga maƙwabci ba ko yana kuka.
In ta yi murmushi wannan nake tunawa,
Dariyar ta tsaya a wuya, ta ƙi sauka.

Ɗan Damagaram:
Innalillahi. Wallahi Malam ban san da wannan ba.

'Yar Katsina:
Ni da na fara suka, yau ga ni ina neman sassauci.

Malam, batun layya ban wanke ta ba,
Alƙalan Faransa ma ba su wanke ta ba.
Amma ka dubi yadda aka rene ta,
Darakta Vadim ya aure ta ba ta kai ashirin ba.
A fim ɗinsa na 1956 ya baje ta gaban duniya,
Ba a sake barin ta ta sha iska ba.
Masu hoto a ƙofa, masu hoto a taga,
Ko asibiti ba su ƙyale ta ba.
Aka sassaƙa Marianne da siffar fuskarta,
Tambarin ƙasa, ba ƙaramin abu ba.
Duk da hakan ta tattara ta yi gaba,
Ta bar sana'ar ba ta cika arba'in ba.
Wadda mutane suka cinye da ido,
Ta gudu wajen dabba, ban yi mamaki ba.
Abin da ya ban haushi, da ta tashi ramawa,
Ba kan waɗanda suka cuce ta ta rama ba.

Mai Ragon Layya:
Ƙanwata, baitinki na ƙarshe ya isa,
Na sa hannu a kai, ban da ƙari a haka.
Zan kalli fim ɗin don Boyer da murarsa,
In ta fito sai in duƙa in gyara takalma duka.

Ɗan Damagaram:
Malam, takalma nawa gare ka? Kusan kowane minti tana ciki.

Ni dai na zo da yabo cike da ƙwarya,
Kun rage mini shi ya dawo rabin ludayi ɗaya.
Yarinyar 1957 ta ba ni nishaɗi,
Tsohuwar 2008 ta sa na ji kunya.
Baba, kai ka ga zamanin da idonka,
Da wa ka je sinimar? Faɗa mana gaskiya.

Baba Tsohon Malami:
Kai yaro, ka ja mini. Hajiya na bayana tana karantawa.

Ta gyara tabarau ta ce in ba ka amsa,
Da wa na je kallon, tana ta matsawa.
Na ce ni kaɗai ne, Allah na gani,
Ban rufe baki ba sai ga atishawa.