Jiaozi da kayan zaƙi a Sin: yaya ake kauce wa alade?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Zan je Guangzhou sarin kaya, daga nan in leƙa Xi'an. Ina son ɗanɗana jiaozi, ƙullin fulawar nan da ake cusa wa nama, da kayan zaƙinsu. Me zan lura da shi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye alamar 清真 a wayarka, ita ce halal, galibi a koren allo. Idan aka rubuta 肉 shi kaɗai, alade ake nufi. Naman sa 牛肉 ne, na rago 羊肉. A unguwar Xiaobei ta Guangzhou shagunan Musulmi ba sa wuyar samu. Kada "na ganye" ya ruɗe ka a shagon da ba halal ba: tukunya ɗaya ake dafa su, kuma sau da yawa da man alade ake kwaɓa haɗin. Ƙullin da ake kira "har gow" ma, duk da na jatan lande ne, akan sa masa kitsen alade.

Na Fagge: Xiaolongbao, ƙullin fulawa mai romo a ciki, kam ka bar shi, romon cikinsa fatar alade ce aka dafa har ta daskare. Madadinsa yana unguwar Musulmi ta Xi'an, bayan Hasumiyar Ganga: guantang baozi na naman sa ko rago. Ɗaga shi ta wurin ƙullin sama, don in ka kama gefe fatar za ta yage, romon ya tsiyaye a kwando. Ɗora a cokali, huda gefe da haƙori, bari tururi ya fita, ka tsotse romon, sannan ka tsoma a binigar. Wanda ya jefa shi baki gaba ɗaya zai ƙone harshe. A arewacin Sin da liang, wani ma'aunin nauyi, ake sayar da jiaozi, liang ɗaya guda 5 zuwa 6 ne, liang 3 ya ishi mutum.

Maman Sadiya: Alhaji, a kayan zaƙi aka fi yin tuntuɓe. Tangyuan, curin garin shinkafa, mai baƙin riɗi a ciki, musamman irin na birnin Ningbo, da man alade ake haɗa cikinsa, haka ɓawon gashin fulawa mai ƙwai da ake kira "dan ta" a wasu gidajen shayi. Nuna musu 猪油, wato man alade, ka tambaya. A Guangzhou nemi shuangpinai, madara ce da farin ƙwai da sukari aka turara. A Xi'an kuma zenggao, shinkafa mai danƙo da jan dabinon Sin. Saya da safe, da zafinsa, in ya huce tauri yake yi.